Kafin a tsiyaya wa karyayyen hinji gam

Assalamu alaikum Malam Edita. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi bayani a kan wata matsala da ake rainawa, alhali tana jawo asarar kaya masu tsada a gidaje da shaguna da ofisoshi. Matsalar ita ce karyewar hinji, ƙarfen nan da murfi ko ƙofa ke juyawa a kansa, a kwamfutar tafi-da-gidanka da firji da firiza da injin wanki da makamantansu. Da yawa daga cikin kayan da ake sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, injinsu lafiya ƙalau yake. Ƙofa ce kawai ta saki, aka kai wa mai gaggawa ya tsiyaya mata sufa gulu, bayan mako biyu ta sake ɓallewa ta tafi da abin da ya fi ta tsada.

A mafi yawan lokuta ba hinjin ne ke karyewa ba. Shi ƙarfe ne, yana da ƙwari. Abin da ke fashewa shi ne robar ko siririn kwanon da aka ɗaure shi a jiki, kuma dalilin fashewar ɗayan biyu ne: ko hinjin ya yi tauri, ko an ɗora wa ƙofar nauyin da ya fi ƙarfinta. Duk wanda ya liƙe fashewar bai taɓa musabbabinta ba, gyaran gangar Auzinawa ya yi.

Mu fara da kwamfuta, domin a nan ɓarnar ta fi yawa. An ƙera hinjinta da tauri da gangan, don gilashin ya tsaya a duk inda aka bar shi. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da wasu ƙananan washa da aka matse da noti a ƙarshe, da ɗan giris a tsakani. Kowane ɓangare na hinjin kuma an ɗaure shi da sukuru biyu ko uku, yawanci M2 ko M2.5, wato masu kaurin milimita 2 ko 2.5, tsawonsu kuma milimita 2.5 zuwa 5. Waɗannan sukuru ba cikin roba suke shiga kai tsaye ba. Akwai wasu 'yan mitsitsin noti na tagulla masu kaushi a baya, da aka nutsa su cikin robar da zafi tun a masana'anta. Su ne ke ɗauke da dukkan wahalar. Tsayin murfin kwamfuta mai inci 15.6 ya kusa santimita 25, amma tazarar sukurun daga sandar hinji ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Ke nan duk ƙarfin da hannu ya sa a bakin murfi, kusan ninkinsa goma ne ke sauka a kan waɗannan 'yan tagulla, kamar yadda doguwar sanda ke ɗaga dutsen da hannu ba zai iya ba.

A ƙasarmu kuwa komai yana taimaka wa taurin. Ƙurar hunturu tana shiga ta gauraya da giris ta zama laka, zafin bazara ya busar da ita. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke wurin ɗalibai da ma'aikata na hannu ne, sun riga sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso, giris ɗinsu ya daɗe da bushewa. Sai kuma ɗabi'ar buɗe murfi ta kusurwa ɗaya, wadda ke tara nauyin duka a kan hinji guda, da ɗabi'ar ɗaukar kwamfuta ta gilashinta.

Alamomin suna bayyana tun da wuri. Za a ji ƙara ƙas-ƙas idan ana buɗewa, ko a ga kusurwar akwatin tana buɗe baki tana rufewa tare da motsin murfi, ko robar da ta zagaye gilashi ta fara ɗagowa daga ƙasa, ko a ji wani ɗan abu yana yawo a ciki idan an girgiza. Da an ga haka a daina rufewa da buɗewa, a bar ta a yadda take har a je wurin gyara. Ta cikin hinjin nan wayar gilashi take bi, mai bakin fil 30 ko 40, da wayar kyamara, da siraran wayoyin eriyar Wi-Fi guda biyu, baƙa da fara. Kowane buɗewa bayan robar ta fashe yana tauna su. Abu ɗaya da ya kamata a duba kafin a ɗora wa hinji laifi shi ne batir. Batirin da ya kumbura yana tura akwati ya buɗe baki kamar haka, kuma shi maganinsa canji ne nan take, ba matsewa ba.

Ga yadda gyara na gaskiya yake tafiya. A cire caja, a buɗe bayan kwamfuta, a zare bakin batir daga allon ciki, wato babban faifan da wayoyin kwamfuta ke haɗuwa a kansa, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15. Wannan mataki ba na ado ba ne. Wayar gilashi tana ɗauke da wutar da ke haska sikirin ko da kwamfuta a kashe take, kuma fil ɗin a manne suke da juna. Zare ta a karkace da batir a jone yana iya ƙona fis ɗin hasken, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido. A ɗauki hoton yadda wayoyin suka bi da kyamarar wayar hannu kafin a taɓa su. A jera sukurun a kan takarda, kowanne a rubuta wurinsa, domin sukuru mai milimita 5 da aka mayar ramin mai milimita 3 zai ɓullo ta bayan murfi ko ya tsaga gilashi. Sababbin kwamfutoci masu siririn baki kuma ba sukuru ke riƙe gilashinsu ba, wani tef ne da ake kama bakinsa a ja shi a hankali a kwance har ya zare. Wanda ya sa sukundireba ya ɓanɓara zai sayi sabon gilashi.

Idan hinji ya fito, a gwada shi da hannu. Wanda sai da filaya biyu yake motsi, shi ne mai laifin. A sassauta notin da ke ƙarshen sandar da rubu'in juyi, a gwada, idan bai isa ba a ƙara wani rubu'in. Ba kasafai ake wuce rabin juyi ba. Kan notin yawanci tsakanin milimita 4 ne da 5.5, kuma gara a samu ɗan sifana daidai da shi, domin filaya tana cinye masa kusurwa. A wanke ƙurar da sifirit, a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ko ɗan giris na silikon, a yi ta juya shi sau ashirin ko talatin, a goge abin da ya fito. Kada man ya taɓa robar, yana raunana ta. Man gyaɗa da manja kuwa haramiyarsu ce a nan, daskarewa suke yi su zama danƙo. Akwai hinjin da ba shi da noti, ƙarfe ne aka naɗe a jikin sanda. Shi sai wanki da mai kawai, in ya ƙi laushi a canza shi. Ma'aunin da ake nema shi ne murfi ya buɗe da yatsa biyu, ya kuma tsaya cak idan an sake shi a rabin hanya. Wanda aka sassauta har yana faɗuwa baya da kansa, shi ma zai fasa robar, ta wata hanyar.

Sai yanzu ake maganar gam. Sufa gulu bai dace da wannan wuri ba ko kaɗan. Idan ya bushe ƙanƙara yake zama, ba ya jure lanƙwasa, ba ya cike gurbi, tururinsa yana barin farin tabo a gilashi, kuma yana gangarawa cikin hinjin ya ƙara masa taurin da ake gudu. Haɗa shi da yashi ko bakar hoda ko auduga, kamar yadda ake yi a bakin titi, tauri yake ƙarawa ba juriya ba. Abin da ke aiki shi ne gam mai kwalba biyu da ake gaurayawa, irin su Araldite, kuma mai jinkirin bushewa, wanda ke buƙatar awa 24. Mai minti huɗu ko biyar ya fi sauƙin samu, amma bai kai shi riƙo ba, kuma zafi na saurin sassauta shi, ga shi a kwamfutoci da yawa iskar fanka mai zafi ta gefen hinji take fita.

A kankare wurin da samfefa mai kaushi, lamba 80 zuwa 120, har ƙyallin robar ya tafi. A goge da sifirit a bari ya bushe. A kwance 'yan notin tagullar daga jikin sukuru, a wanke su, a shafa wa zaren sukurun basilin kaɗan, sannan a sake ɗaura su a jikin hinjin yadda za su zauna daidai da ramukansa. Basilin ɗin shi ne zai hana gam kama sukuru, don a iya kwancewa nan gaba. A matso gam daidai wa daida daga kowace kwalba, kamar ƙwayar wake ɗaya ɗaya ga kowane hinji, a gauraya minti ɗaya cikakke har launinsa ya zama ɗaya. Kuskuren awo ko gajeren gauraye shi ke sa gam ya kwana yana danƙo. A gina shi kewaye da tagullar ya bazu kamar santimita ɗaya ta kowane gefe, domin faɗin wurin da ya kama shi ne ƙarfinsa, ba tsayinsa ba. In an binne ɗan yankin ragar ƙarfe a ciki ya fi. A tabbata bai hau hanyar waya ba, bai kuma yi tudun da zai hana murfi komawa ba. A matse da abin matsewa, a ajiye har gobe. A lokacin zafi gam yana fara kamawa da wuri fiye da yadda aka rubuta a kwalinsa, don haka a shirya komai kafin a gauraya. Amma saurin kamawar ba ya nufin ya gama ƙarfi. Mai kaya da ya tsaya a kan mai gyara yana cewa yau yake so, shi ya zaɓi gyaran mako biyu.

Idan robar ta rududduge babu abin da gam zai kama, saura hanya biyu. Ko a sayi wani murfin ko saman akwatin daga matacciyar kwamfuta irinta, waɗanda ake samu a wuraren masu gyara kamar titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, a tafi da tsohon don a gwada, domin kwamfutoci masu suna ɗaya sukan bambanta a ramuka. Ko kuma a huda murfin gaba ɗaya da bakin huji mai milimita 2 ko 2.5, a zura dogon sukuru daga waje da washa mai faɗi, a ɗaure da noti daga ciki, a yanke abin da ya yi saura. Kan sukurun zai fito a bayan murfi, babu kyan gani, amma a ganinmu ya fi kowane gam daɗewa. Sharaɗi shi ne a cire gilashin kafin huji, a kuma share garin ƙarfe tas. Ko da sabon murfi aka saya, in ba a sassauta hinjin ba, shi ma zai bi sawun na farko.

Firji kuma matsalarsa nauyi ce da tsatsa. Hinjin ƙasa ne ke ɗauke da ƙofar, na sama daidaita ta kawai yake yi. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce. A jera huɗu a ƙofa an sami kilo 6, ban da lemo da madara, ga yara masu lilo a jikinta. Tsakanin ƙofa da hinjin ƙasa akwai washa ta farar roba, da wani ɗan bututun roba da fil ɗin hinji ke shiga. Suna cinyewa a hankali, ƙofa ta sauka ta karkace, robar bakin ƙofa ta daina mannewa a kusurwar sama. Daga nan iska mai ɗumi ta riƙa shiga, ƙanƙara ta taru, kwamfuresa ta ƙi hutawa, sanyi ya tsere da zarar an ɗauke wuta. Mutane da yawa a nan suke kiran mai zuba gas, a biya kuɗin gas, alhali gas ɗin bai je ko'ina ba.

Gwajin mai sauƙi ne. A rufe ƙofa a kan takarda a ja, a wurare da dama kewaye da bakin. Inda ta zare babu turjiya, nan iska take shiga. Ko a kunna tocila a saka ciki da dare a duba inda haske ke leƙowa. Wajen gyara a cire wuta, a kwashe kayan ƙofa, a ɓalle murfin hinjin sama, a kwance notinsa da sifana 8 ko 10, mutum ɗaya yana riƙe da ƙofar, sannan a ɗaga ta sama ta fita daga fil ɗin ƙasa. Firjin da ke da sikirin ko famfon ruwa a ƙofa, wayoyinsa ta hinji suke bi, a zare bakinsu tukuna. A canza washar, ko a ƙara wata mai kaurin milimita 1 zuwa 2, a kankare tsatsa, a shafa giris. Fil ɗin da ya lanƙwashe a canza hinjin duka, domin ƙarfen da aka miƙe da guduma zai sake komawa. Ramukan hinjin sama suna da ɗan tsawo don a iya gyara zaman ƙofa, saboda haka kada a ɗaure tamau sai an rufe ta an ga ta yi daidai da jikin firjin. Robar bakin da ta riga ta lotse, ruwan zafi a tsumma yana dawo da ita. A ƙarshe a ɗaga ƙafafun gaba kaɗan fiye da na baya, ƙofa za ta riƙa komawa da kanta.

Gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a firji shi ne huji. Idan zaren ramin noti ya cinye, sai ka ga an ɗauko injin huda za a buɗe sabon rami a gefe. A firji da yawa bututun gas mai zafi yana zagaye bakin ƙofa ta ciki don hana raɓa, wasu kuma bututun nasu a cikin bangon gefe yake, shi ya sa jikinsu ke ɗumi. Huji ɗaya a kan bututun ya kashe firjin. Sababbi kuma galibi gas ɗin R600a ne a cikinsu, wanda ke kama wuta. Don haka walda a jikin firji ma ba abin yi ba ce, ga soson da ke cikin bango da ke ci da wuta. A cire hinjin a kai wa mai walda shi kaɗai. Ramin da ya cinye kuwa a sa masa sukuru mai ɗan kauri amma tsawonsu ɗaya da na asali. Akwai ma mafitar da ake mantawa da ita: firji da yawa an yi su da ramukan hinji a ɗaya gefen, an toshe da 'yan marafan roba. Sai a mayar da ƙofar can, a sami sababbin ramuka da sabon bututun roba ba tare da an huda komai ba.

Firizar kwance, ta masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, hinjinta na da sifirin mai ƙarfi da ke taimakawa wajen ɗaga murfi. Lokacin da murfin yake rufe sifirin ɗin a matse yake, wanda ya kwance noti a haka hinjin zai fizge ya fasa masa yatsa ko fuska. A buɗe murfin har ƙarshe wani ya riƙe, ko a zura ƙusa a ramin da wasu ke da shi don kulle sifirin. A canza biyun tare, domin sabo da tsoho ba sa ja daidai, sai murfi ya murɗe. Ɗora bulo a kan murfin da ya ƙi rufuwa yana lotsa robar baki ne kawai, haka ma jibga ledar ruwa a kansa, wadda guda ɗaya mai ƙulli 20 ta kai kilo 10. Ƙofar oben ta kukar gas ita ma sifirin gare ta, da wasu 'yan makullai a jikin hinji da ake juyawa kafin a zare ƙofar, kuma ita ma biyu biyu ake canzawa.

Injin wanki mai ƙofa a gaba, hinjinsa zubi ne na tutiya, ba ya karɓar walda irin ta bakin titi, narkewa yake. Canji kawai. Yawanci sukuru masu kan tauraro ne ke riƙe da shi, masu lamba T20 ko T25, kuma sukundireba mai baki ɗaya tana lalata musu kai. Idan wannan ƙofa ta sauka, ƙugiyarta ba ta shiga makulli daidai, inji ya ƙi tashi, sai a ce allon ciki ne ya ƙone. A ɗan ɗaga ƙofar da hannu a rufe, in ya tashi to hinji ne. Mai tukwane biyu kuwa, murfin ɓangaren matsewa yana haɗe da birki da makunni, don kada tukunya ta ci gaba da juyawa a buɗe. Kada a yarda a haɗe wannan makunni kai tsaye don murfi ya karye, musamman a gida mai yara. Kafin a sayi gam a duba tambarin da ke cikin robar murfin, wanda ke nuna irin robar. In an ga ABS, gam mai kwalba biyu zai kama. In an ga PP, gam na yau da kullum ba ya riƙe ta da kyau. Ita narkar da ita ake yi da ƙarfen soda, a nutsa 'yan guntayen waya ko raga a gicciye a kan tsagar, a cike da yankin roba irinta, a wurin da iska ke kaɗawa saboda hayaƙin.

Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ita ce ba mu yarda a yi mata dabara ba. Ƙofarta ce ke tsare tururin wutar da ke dafa abincin, kuma ƙugiyoyinta ne ke danna makunnan tsaro. Hinjin da ya lanƙwashe ko ƙofar da ba ta zauna daram ba, a daina amfani da ita sai an sa wata ƙofar irinta. Kada mai gida ya buɗe jikinta, akwai ma'ajiyar wuta a ciki mai kusan bolt 2,000 da kan riƙe wutar bayan an zare soket. Wayoyin hannu masu naɗewa su ma kada a ɗiga musu mai ko a hura musu iska mai ƙarfi. Buroshi mai laushi ya isa, in ta fara ƙara ko ta ƙi buɗewa duka a kai ta wurin masu kamfaninta.

Muna kira ga abokan sana'a da su riƙa gaya wa mai kaya cewa aikin kwamfuta zai kwana, su kuma sassauta hinji biyun ko da ɗaya ne ya fasa. Mai kaya kuma, kafin ya biya, ya buɗe murfin da yatsa biyu daga tsakiya a gaban mai gyara, ya duba ko kusurwar akwati na motsi, ya kunna ya karkata gilashin gaba da baya ya ga ko hoto na rawa, ya kuma gwada kyamara da Wi-Fi, domin wayoyinsu ne aka fi mantawa a ƙarƙashin hinji a matse.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta da kayan sanyi, Kano.